Waƙar da muka ɗauka ta Indiya ce, ashe ta maƙwabta ce

Na ga saƙonnin da kuka ajiye a ƙarƙashin rubutun da ya gabata kan hawan jinin masu juna biyu, musamman 'yar'uwar da ta yi tambaya a kan kumburin ƙafa, kuma in Allah ya yarda zan dawo kansu a fitowa ta gaba. Yau dai ku yi mani uzuri, na rataye abin awon jini, zancen waƙa za mu yi. Wata gardama ce ta tashi a gidanmu da ƙaramar sallah, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, har ta sa na riƙa bin diddiginta a waya a dararen da nake aikin kwana, idan marasa lafiya sun samu barci ɗaki ya yi tsit.

Ga yadda aka yi. Mun taru a Surko, gidan da aka haifi mahaifiyarmu, kamar yadda muke yi duk shekara kashegarin sallah. Bayan la'asar ana zaune a tsakar gida, 'yar yayata mai shekara goma sha huɗu tana kwance a gefen tabarma tana latse-latsen waya, wani kiɗa yana tashi ƙasa-ƙasa. Inna tana gyaran zogale. Can sai muka ji ta kama bin kiɗan da hanci, har tana ɗan gyaɗa kai. Yarinyar ta ɗago da mamaki ta ce, "Lah, Hajiya, ke kuma ina kika san wannan? A TikTok fa na samo ta." Inna ta ce, "Ji min ja'ira. Ana jin waƙar nan tun uwarki tana yawo ba ɗankwali. Ta fim ɗin Amita ce, wanda suke rawa da kofuna a hannu."

Sai autanmu ya sa baki. Shi mawaƙi ne irin na situdiyo, yana yi wa amare da 'yan siyasa waƙa a Dutse, don haka yana ganin in dai zancen kiɗa ne a gidanmu to shi ne alƙali. Ya ce, "Inna, kin haɗa biyu. Wannan ta Sanje Dat ce da Maduri, sabunta ta aka yi. Ta Amita daban take." Inna ta ce ita dai kunnenta bai taɓa yi mata ƙarya ba, waƙa ɗaya ce. Ya ce biyu ce. Aka kira Kawu, wanda shi ya fara kawo rikoda mai batir gidan nan lokacin yana direba a hanyar Kano, ya saurara ya ce shi ma yana jin ɗaya ce, amma ba zai rantse ba. Har aka kira magariba ba a rabu ba.

To, abin da na gano shi ne kowannensu yana da gaskiya, kuma dukkansu sun yi kuskure a wuri guda. Waƙoƙi biyu ne a finafinai biyu, kamar yadda auta ya ce. Karinsu ɗaya ne, kamar yadda Inna ta ce. Sai dai karin nan ba a Indiya aka haife shi ba. Na wani bawan Allah ne mutumin ƙasar Gini, nan Afirka ta Yamma, mai suna Mory Kante.

Bari mu fara da ɓangaren da muka sani. A ƙarshen shekarar 1990 aka saki fim ɗin Thanedaar, inda Sanje Dat, wanda 'yan kallo a Kano suka laƙaba wa Ɗan Daba Mai Lasin, ya fito tare da Maduri. A cikinsa akwai waƙar "Tamma Tamma Loge". Bappi Lahiri ne ya yi kiɗanta, shi ne kuma ya rera tare da Anuradha Paudwal. Wannan Bappi shi ne mutumin nan mai tulin sarƙoƙin zinare a wuya, wanda ya yi kiɗan Disco Dancer a 1982, ya mutu a 2022. Bayan 'yan makonni, a watan Fabrairun 1991, sai ga fim ɗin Hum, da Amita Bacan da Gobinda da Rajinikanth, ɗauke da "Jumma Chumma De De", kiɗan Laxmikant da Pyarelal. Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ke nan, kuma shekarar da aka haife ni, don haka ni da jiharmu da waƙar Inna duk sa'o'in juna ne.

A Indiya an yi ta ka-ce-na-ce a lokacin, don duk wanda ya ji waƙoƙin ya san abu ɗaya ne, ana ta tambayar wa ya kwaikwayi wa tsakanin gidajen kiɗan biyu. Kamar dai mutum biyu su tsaya a bakin kasuwa suna rigima kan akuyar da dukkansu a garken wani suka kamo ta. Ta Amita ce ta fi tashe. Tun kafin fim ɗin ya fito ya taka rawarta a gaban dubban mutane a Wembley da ke Landan a 1990. Kuma ko muryar da ake ji a waƙar ba tasa ba ce. Wani mawaƙi ne mai suna Sudesh Bhosle, gwanin kwaikwayon muryar Amita, ya rera tare da Kavita Krishnamurthy. Kun ga aro a kan aro ke nan. Wadda jikar Inna ta samo a waya kuwa ita ce ta 2017, da aka sabunta "Tamma Tamma" a fim ɗin Badrinath Ki Dulhania, aka bar muryoyin asali aka ƙara masu sabon kiɗa da gambarar zamani.

Akwai abin da ban gaya wa Inna a gaban jikokinta ba, sai da muka keɓe. Jarumar fim ɗin Hum, Kimi Katkar, sunanta a cikin labarin Jumma, wato dai Jummai a wurinmu. Amita kuma ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne. Abin da yake ta yi wa ihu tun daga farkon waƙar har ƙarshenta shi ne ta cika alkawarin sumbar da ta ce za ta ba shi ranar Juma'a. Kofunan nan da take tunawa kuwa, ba shayi ne a ciki ba. Inna ta yi salati ta ce, "Shekara talatin da ɗoriya ina bin abin nan da hanci ina tankaɗe!" Na ce ai hanci ba ya ɗaukar zunubin abin da bai sani ba. Ta ce in rufe mata baki. Ku da kuke da yara masu waya, ku riƙa tambayar ma'anar abin da suke bi da baki, ko don kada ku ma ku kama bi.

Yanzu ga mai kayan. An haifi Mory Kante ranar 29 ga Maris 1950 a Albadariya, kusa da garin Kissidougou a ƙasar Gini. Gidansu gidan jeli ne, wato makaɗan gado na al'ummar Mande, waɗanda suke riƙe da tarihin sarakuna da asalin dangi a ka, suna rera shi a biki da suna da naɗin sarauta. Idan kuka tuna irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, to kun kusa gane matsayinsu. Mahaifiyarsa 'yar Mali ce, kuma yana yaro aka tura shi Bamako wurin danginta. A 1971 ya shiga Rail Band, ƙungiyar makaɗan da hukumar jiragen ƙasa ta Mali ta ɗauki nauyi, suna wasa a otal ɗin tashar jirgin Bamako. Babban mawaƙinsu a lokacin shi ne Salif Keita, da ya bar su a 1973 sai Mory ya gaje shi.

Abin kiɗan da aka san shi da shi sunansa kora. Rabin babbar ƙwarya ce, a rufe ta da fatar saniya, a kafa mata dogon sanda, a ɗaura tsirkiya ashirin da ɗaya. Ku tuna kuntigin Ɗanmaraya Jos tsirkiya ɗaya ce tal, ku ga aikin da yatsu za su yi a nan. Mory ya koma Abijan a ƙarshen shekarun 1970, daga can ya wuce Paris a 1984, inda ya jona wa korarsa lantarki ya haɗa ta da ganguna da ƙahonnin Turawa, har aka riƙa ce masa maroƙin lantarki. A 1987 ya fitar da faifan Akwaba Beach. A cikinsa akwai "Yeke Yeke", wadda ya taɓa ɗauka a 1984 ba ta yi nisa ba, sai a wannan karon da aka ƙara mata sauri. A 1988 ta hau matsayi na ɗaya a ƙasashen Turai da dama, ciki har da Holan da Sifaniya, kuma aka sayar da faifanta fiye da miliyan ɗaya. Wasu Jamusawa biyu da ke kiran kansu Hardfloor sun sake gina ta a tsakiyar shekarun 1990 don gidajen rawa, da sunansa a jiki. A cikin wannan faifan dai akwai wata waƙa da ba ta kai "Yeke Yeke" suna ba, ana ce mata "Tama". Ita ce uwar gardamar gidanmu.

Hanyar da ta bi ta isa Bombay ba a ɓoye take ba. A fim ɗin Agneepath na 1990, shi ma na Amita, ana jin "Yeke Yeke" kanta tana tashi a wani wuri. Daraktan wannan fim, Mukul Anand, shi ne ya yi Hum. Kuma a Hum ba "Tama" kaɗai aka taɓa ba, akwai wata waƙar mai suna "Ek Doosre Se" da aka ɗora a kan "Inch'Allah", ita ma ta cikin Akwaba Beach. Wato faifan Mory ya shiga hannun masu fim a Bombay, sun ji, sun so, sun ɗiba. Da aka zo rubuta sunayen masu kiɗa a jikin kaset, sai aka rubuta nasu. Sunan waƙar ma ya ba ni dariya. A harsunan Mande akwai kalma mai wannan sauti da ke nufin tafiya, akwai kuma ɗan ƙaramin kalangun da ake matsewa a hammata mai wannan suna. Mu kuma da Hausa tama ita ce abin da maƙera ke haƙowa su narka su fitar da ƙarfe. Kowacce kuka ɗauka ta dace da labarin nan.

Ku gwada da kanku. Ku shiga YouTube ku rubuta Mory Kante Tama, ku saurari amshin, sannan ku kunna ta Amita ko ta Sanje. Ba sai kun san kiɗa ba. Ni wajen ƙarfe uku na dare na yi haka, a teburinmu na ma'aikatan jinya, na sa abin ji a kunne ɗaya, ɗayan na bar wa marasa lafiya. Na ɗauka dariya zan yi, sai na ji wani abu kamar kunya ya kama ni. Tun ina goye nake jin sautin nan a hancin Inna, na ɗauka daga bayan teku ya zo, ashe na mutanen da muke cin miyar gyaɗa iri ɗaya ne, muke kallon alƙibla ɗaya. Daga Konakiri zuwa Kano ba a ƙetare teku. Amma sai da waƙar ta tashi daga Paris ta sauka Bombay, aka sauya mata riga, sannan ta iso Surko a cikin kaset ɗin da Kawu ya sayo a Kano. Ba wai ba ma jin waƙoƙin can yankin ba, Umu Sangare ta Mali ta sha tashe a ɗakunan iyayenmu. Wannan karin dai ta ƙofar Indiya ya shigo, sai muka ba Indiya ladan.

Kada wani ya ɗauka zagin Indiyawa na zo yi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma a wannan fanni mu ne ƙarshen waɗanda za su ɗaga baki. Tun da 'yan kasuwa Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Arewa muke ɗiba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda ya daɗe yana bin wannan tarihi, ya nuna cewa tun a shekarun 1960 Abdu Yaron Goge ya ɗauki karin wata waƙa ta fim ɗin Rani Rupmati ya zuba shi a goge da kalmomin Hausa. Daga baya masu bandiri a Kano suka shigo, har da ƙungiyar da ta kira kanta Ushaƙu Indiya, suna ɗaukar karin waƙoƙin soyayya na finafinai suna ɗora yabon Manzon Allah (SAW) a kai. An yi ta saɓani a kan haka, wasu na ganin an tsarkake sautin ne, wasu na ganin mai sauraro zai riƙa tuno rawar fim yana tsakiyar bege. Da finafinan Hausa suka kankama a shekarun 1990 aka samu fiyano a situdiyo, sai abin ya zama ruwan dare. Marigayi Rabilu Musa Ibro, da ya rasu a 2014, bai ma tsaya a Indiya ba, ya leƙa Kwango ya ɗauko Awilo. Shi dai Ibro a fili ya yi abinsa, ya sa wa fim ɗin Ibro Awilo, kowa ya san inda aka samo.

Shekara da shekaru ana yi wa 'yan fim ɗinmu gorin kwaikwayon Indiya, ashe a cikin abin da ake kwaikwayon har da wanda Indiyar ta kwaso daga Afirka. Mory kansa a kan tsohuwar waƙar gargajiya ta mutanensu ya gina "Yeke Yeke". Don haka ni ban ɗauki aro a matsayin ciwon ba. Da ba a ari "Tama" ba, da Inna ba ta taɓa jin ta ba, da jikarta ma ba ta ji ba.

Ciwon yana wani wuri, kuma autanmu ya san shi don ya ɗanɗana. Gab da zaɓen da ya wuce ya yi wa wata amarya a Gwaram waƙa. Kwana uku ya yi yana gina karinta, aka biya shi abin da bai taka kara ya karya ba. Bayan wata biyu sai ya ji karin nan nasa, ko ɗigo ba a canza ba, a bakin wani mawaƙin da ya fi shi suna, an ɗora wa wani ɗan takara. Motocin kamfe suna yawo da ita har ƙofar gidanmu a Birnin Kudu. Ya kira, ba a ɗaga ba. Ya aika, aka ce a gaya masa ai sauti na Allah ne. Yaron nan ya yi sati ba ya cin abincin kirki, har na zaunar da shi na auna jininsa na ga ya hau, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Abin da ya fi ci masa rai, in ji shi, ya wuce kuɗin. A wurin wani biki ya rera tasa, sai wata ta ce masa, "Kai ma ka iya kwaikwayon waƙar wane." Shi aka mayar ɓarawon kayansa.

Da na tura masa "Tama" ya saurara, sai na tambaye shi: waƙoƙinka nawa ne ka ɗauko karinsu daga Indiya, kuma a guda nawa ka faɗa? Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ai su ba su san ina yi ba." Na ce wataƙila haka masu kiɗan Bombay suka ce game da Mory. Bai ji daɗin maganar ba, ni ma ban so na fama masa ciwo ba, amma ba ni da wata amsar.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mu muna da tsarin da ya warware wannan tun kafin a ƙirƙiro kaset. Duk wadda ta zauna kusa da masu karatun Ishiriniya a watan Mauludi ta san ba aikin mutum ɗaya ba ne. Alfazazi ne ya yi baitocin asali, Ibn Mahib ya zo ya yi masu tahamisi, wato ya ƙara layi uku a kan kowane biyu suka zama biyar-biyar. Ɗaruruwan shekaru ke nan, kuma har yau da sunan kowannensu ake karantawa. Haka "Tabban Haƙiƙa": Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isan Kware ya yi mata tahamisi, kuma ɗalibin Hausa zai lissafo maka su ukun a jere. Marubuta waƙoƙinmu sun saba rufe waƙa da faɗin sunansu da garinsu, wani lokaci har da shekarar da aka yi ta a ramzi. Mawaƙin situdiyo na yau yana iya kwashe minti biyu yana jero sunan mai kiɗa da mai situdiyo da uwar amarya da ƙawayenta. Wurin ambato bai yi masa ƙaranci ba ke nan, sunan mai karin ne kawai ba ya shiga.

A wurin aikinmu ma haka tsarin yake. Allurar da kika yi, ki rubuta lokaci ki sa hannu. Idan na karɓi aiki da safe na ci gaba da kula da ƙarin ruwan da ta dare ta ɗaura, ba na goge sunanta in sa nawa, ko da ni ce zan cire shi.

Wani zai ce, to waƙoƙin gaɗa da na daɓe da na niƙa fa, wa za a ambata? Gaskiya ne, akwai abin da zamani ya haɗiye sunan mai shi. Mu 'yan Birnin Kudu muna da misali a kusa: zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa idan an buga, waɗanda Bature Bernard Fagg ya rubuta labarinsu a shekarun 1950. Hannun da ya fara zana su da wanda ya fara kaɗa su sun tafi da sunayensu, kuma ba laifin kowa ba ne. Irin wannan sai a ce na gargajiya ne, na mutanen wuri kaza, shi ma ai ambato ne. Amma Mory Kante yana raye a 1990, yana yawon wasa a Turai, sunansa yana jikin faifan da aka ɗiba a ciki.

Kuma rashin ambaton nan yana iya kaiwa har tukunyar gida. A 1939 wani Bazule mai suna Solomon Linda ya ɗauki waƙar "Mbube" a kamfanin Gallo da ke Johannesburg a Afirka ta Kudu, aka ba shi sule goma. Waƙar ta ƙetara Amurka, aka rera ta da sunan "Wimoweh" a farkon shekarun 1950, aka sake mayar da ita "The Lion Sleeps Tonight" a 1961, ta shiga fim ɗin yara na The Lion King a 1994, wanda na san da yawanku 'ya'yanku sun kalla. Linda ya mutu a 1962 da ciwon ƙoda, cikin talaucin da sai bayan shekara 18 iyalinsa suka iya sa dutse a kabarinsa. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata ma'aikaciyar jinya ce irina. Sai a 2006, bayan an je kotu, aka yi sulhun da ya ba magadansa rabo. A nan Nijeriya, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mai waƙa haƙƙin a ambaci sunansa, kuma kariyar tana bin waƙar har shekara 70 bayan rasuwarsa. Sai dai ban ga yaron da aka biya kuɗin cefane a waƙar amarya zai iya ɗaukar lauya ba. Abin da ya fi kusa da hannu yana wurinmu mu masu biyan kuɗin waƙar biki da ta suna. Idan mawaƙi ya kawo maki waƙar ɗiyarki kin ji karin ya yi maki kama da wani, ba rashin kunya ba ne ki ce masa, "Malam, karin wa ka hau? To faɗe shi a ciki."

Shi Mory bai yi ƙarshe irin na Linda ba, ya ci moriyar sunansa a wasu wuraren. A 2001 hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi jakadanta. Akwai kuma abin da ya ƙara mani ganin girmansa. Annobar Ebola ta 2014 daga kudancin Gini ta taso, yankin da ke maƙwabtaka da mahaifarsa. Kun tuna shekarar, lokacin da cutar ta shigo Legas ta ci ran Dakta Stella Adadevoh, da daren nan da aka yi ta tashin mutane a waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Ni sabuwar shiga aiki ce a lokacin, na ga yadda jita-jita ke riga ma'aikacin lafiya isa gida. A wannan shekarar Mory da Salif Keita da Umu Sangare da wasu mawaƙan suka haɗu suka yi "Africa Stop Ebola" da Faransanci da harsunan gida, suna roƙon jama'a su yarda da likitoci, su kiyaye taɓa gawa, su wanke hannu. Aikinmu suka taya mu. Ya rasu ranar 22 ga Mayu 2020 a wani asibiti a Konakiri yana da shekara 70. Ɗansa ya shaida wa 'yan jarida cewa ya daɗe yana fama da rashin lafiya, yakan je Faransa ganin likita, sai korona ta rufe hanya.

Ranar Asabar da ta wuce na kai wa Inna "Tama" har ɗaki. Ta saurara tun daga farko har ƙarshe ba ta ce uffan ba, sannan ta tambaya ko mutumin yana raye. Na ce ya rasu. Ta ce Allah ya jiƙansa, ta kuma ce a kira mata auta ya sa mata ita a ƙaramar wayarta, ya goge mai kofunan. Da ya zo yana sawa ya tambaye ta da wane suna zai ajiye, ta ce, "Da sunan mai ita mana, da sunan wa?" Ya rubuta. Amma har ya fita yana nan a kan bakansa cewa waƙoƙin Indiyan dai biyu ne, ita kuma tana cewa ai ga uwarsu nan guda ɗaya.

Na san a garuruwa da yawa yara sun ɗora wa karin nan kalmomin Hausa a dandali da hanyar makaranta. Wanda ya tuna na garinsu ya ajiye mana a ƙasa, ya faɗi garin da shekarar. Mai tambayar kumburin ƙafa kuma, kafin fitowa ta gaba, idan kumburin ya kai fuska da hannu ko ya zo da ciwon kai da gani dishi-dishi, kada ki jira rubutuna, ki tafi asibiti yau.